Kyamarar Ƙofar Gefe

Wendell Sorensen, mai gyare-gyare a gidan kula da tsofaffi, yana durƙushe a ɗan ɗakin wayoyi, yana fama da na'urar da ke naɗar hotunan kyamarori, Madam Okerlund, shugabar gidan kula da tsofaffin, ta tsaya a kansa.

"Buɗe mana hoton ƙofar gefe mu gani, Wendell. 'Yarsa tana hanya, 'yan sanda ma haka."

Tsoho Arvid Lehto ne ya ɓace. Ya haura tamanin, mantuwa ta ci ƙarfinsa, kuma tun bayan karin kumallo ba wanda ya sa shi a ido. Dusar ƙanƙara ta riga ta shafe sawun kowa. Wanda ya fita ta ƙofar gefe, in ya yi hagu tafki ya nufa, in ya yi dama cikin gari.

Allon ya haska. Hoton ƙarshe na asuba ne, daga nan sai baƙi. Iska ta ɗauke wuta a lokacin, kuma kafin janareta ya kama, akwatin batir ne ya kamata ya riƙe kyamarorin da na'urar. Bai riƙe ba. Na'urar ta mutu, ba ta sake tashi ba.

Wendell ya san dalili. Tun watan jiya akwatin yake ƙara, alamar batirinsa ya gaji. Ƙarar ta dami masu jinya, shi kuma ga tukunyar ɗumama gida tana yoyo, ga rufin kicin. Sai ya kashe ƙarar, ya ce zai dawo kanta.

"Ba ta ɗauki komai ba," ya ce.

"Ɗaukewar wutar nan ce ko?" in ji Madam Okerlund.

"Ita ce."

Sauƙin da maganar ta fito da shi ya fi komai ba shi kunya.

Annika, 'yar tsohon, ta iso ko maɓallan rigarta ba ta saka ba. Ta dubi baƙin allon, ta dubi Wendell.

"Bawan Allah, hagu ya yi ko dama? Shi kaɗai nake so in sani."

'Yan sanda suka zaɓi tafki, don can haɗarin ya fi. Wendell ya kasa tsayawa kusa da ita, ya shiga motarsa ya yi cikin gari, yana bi lungu-lungu da gilashi a sauke, sanyi yana yankar fuskarsa.

Rana ta take tsaka kafin ya hango Arvid bayan wani tsohon gidan burodi da aka rufe, zaune a kan dakali da silifas, hannuwansa ba safa. Wurin ko nisan kirki bai yi da ƙofar gefe ba.

"Baba Arvid, ni ne."

Tsohon ya ɗago da ƙyar, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Kai ne malalacin nan mai yawo da tsani? Ka makara. Motar ma'aikata ta wuce."

"Na makara, Baba. Tashi mu je."

Ya naɗe shi da rigarsa, ya ɗauke shi cak. Ba nauyi ko kaɗan.

A asibiti likita ya ce zai rayu, amma da wuya yatsu biyu na hannun dama su tsira. Sanyi ya daɗe a cikinsu. Annika ta kama hannun Wendell da nata biyun tana kuka.

"Kowa ya yi tafki, kai kaɗai ka yi dama. Ba ni da bakin gode maka."

Ya zare hannunsa a hankali, ya fita baranda. Madam Okerlund ta biyo shi, ta miƙa masa kofi.

"Sha, gwarzon gida. Masu gidan sun kira, suna so su san abin da ya hana batirin riƙewa. Na ce kai za ka bincika mana, ba wanda ya fi ka sanin kan kayan nan."

Ta gilashin ƙofa yana ganin Annika tana ba mahaifinta shayi a baki, don hannuwansa a naɗe suke. Wendell ya ajiye kofin a bakin taga.

"Ba sai an bincika ba, Madam," ya ce. "Samu wuri ki zauna."