Kuɗin Sallamar Baba Shekari

Ranar da albashin Irene na uku ya shigo, sai ta ga an gutsure shi. Wannan bai ba ta mamaki ba, ta san da rancen karatu a wuyanta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Takardar da ta biyo bayan albashin ce ta ɗaure mata kai. Ita dai kuɗin makaranta ta ranta, na shekara biyun ƙarshe a jami'a, naira dubu ɗari da tamanin. Takarda kuwa ta ce dubu ɗari shida da sittin.

Da aka tashi hutun cin abinci a kamfanin robobi na Kudenda inda take aiki, ta wuce ofishin akanta, Malam Zakariyya'u, mutumin da ko gobara ake yi sai ya gama jera takardunsa kafin ya tashi.

"Malam, an yi kuskure. Wannan bashin ba nawa ba ne."

"Kowa haka yake cewa, Irene. Zauna ki buɗe shafinki mu gani."

Ta buɗe a kwamfutarsa. Ya bi layukan da bakin biro. "Ga kuɗin makaranta. Ga kuma kuɗin kashewa, dubu ashirin duk wata, har wata ashirin da huɗu."

"Wane kuɗin kashewa? Ni da garin kwaki na gama makarantar nan. Ko sisi ban gani ba."

"To, wani ya gani. Ga sunan mai asusun."

Ta karanta, ta sake karantawa. Sunan mahaifinta ne, Baba Shekari.

Sai a lokacin ta tuna yadda aka cika fom ɗin rancen. Tana makaranta, an sace wayarta, wa'adi kuma ya ƙure, sai ta aika wa Baba takardunta ya kai shagon kwamfuta a Kamazou. Mai shagon nan yana cika wa mutum hamsin fom a yini, kuma a ƙa'idarsa duk akwatin da ya gani sai ya danna, wai kuɗin gwamnati ne, wa ke ƙin ƙari. Da ya zo wurin lambar asusu, ya tambayi tsohon da ke tsaye a kansa, tsoho kuma ya ba da tasa.

Baba Shekari ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Masaƙar ta rufe tun Irene tana goye, aka ce ma'aikata su je gida, kuɗin sallama na nan tafe. Yana cikin kwamitin tsofaffin ma'aikatan da ke bin haƙƙin nan ofis-ofis, har takalma suka gaji da su. Saboda haka ranar da wayarsa ta yi ƙara ya ga dubu ashirin daga wasu haruffa da bai gane ba, bai tambayi kowa ba. Ya durƙusa a tsakar gida ya yi kuka, ya ce an fara biya kaɗan-kaɗan. Aka yanka akuya, aka yi godiya a coci, Irene da kanta ta zo daga makaranta ta yi rawa a layin masu kai baiko, wato sadakar coci. Ya canza kwanon ɗaki, ya riƙa sayen maganin hawan jininsa a kan lokaci. Sau biyu ma ya tura mata dubu biyar, ya ce ta ci gumin ubanta, ta yi ta godiya.

Sai dai shi kaɗai aka biya, kuma talaka ba ya yafe wa ɗan'uwansa irin wannan sa'ar. 'Yan kwamiti suka ce an toshe masa baki. Amininsa Jethro, wanda suka yi shekaru a kan inji ɗaya, ya daina amsa gaisuwarsa. Bara Jethro ya rasu, iyalinsa suka hana Baba cewa uffan a wurin jana'iza.

Irene ta hau keke napep zuwa gida tana juya abin a ranta. In ta yi shiru, za ta yi shekaru tana biya, shi kuma ya ci gaba da ganin an biya shi. In ta faɗa, ta wanke shi a idon mutane, amma ta ƙwace masa abu guda da yake taƙama da shi. Tsoro take ji ƙwarai.

Ta same shi a baranda da tabarau, ya baza takardun banki a kan tabarma.

"Yauwa, 'yar boko, kin zo a daidai. Tunda masu masaƙa suka tsayar da biyan nan ba su ce komai ba. Ki rubuta mini wasiƙa da Turanci mai nauyi, ranar Asabar in kai. Saura da yawa a wurinsu."

"Baba, kar ka kai."

"Don me?"

Ta miƙa masa takardarta, ta ɗora yatsa a kan kwanan watan farko, sannan ta nuna masa irinsa a takardar bankinsa. Ta bi wata-wata tana bayani a hankali. Bai katse ta ba. Da suka kai wata na goma, ya riƙe hannunta ya hana ta ci gaba.

"Masaƙa ba ta biya ba ke nan."

"Ba ta biya ba, Baba."

"Ko sau ɗaya."

Ta girgiza kai. Ya cire tabarau ya ajiye, ya juya yana kallon hanya. Irene ta zaci zai yi faɗa, ko ya nemi mai shago, ko ya ce a sayar da wani abu. Sai ya ce, "Jethro ya tafi yana ganina maci amana." Can kuma ya juyo gare ta. "Nawa suke cirewa a albashinki?"

Ta faɗa masa. Ya lissafa da yatsu, ya kai ƙarshen hannu ya sake farawa, sannan ya bari.

"Na yi wa mutane aikin shekara ashirin da biyu," in ji shi, "ashe 'yata ce na aika wa takardar biyan ladana."