Igiya da Mutum Huɗu

Shekara talatin da ɗoriya Sodangi yana ginin rufewa a Tsamaye, rumbun ƙasa irin namu mai tumbi da ƙaramin baki a sama. Daga nan har Turba, in ka ga rufewa ta ci damina goma ba tsaga, ba sai ka tambayi wanda ya gina ta ba. Shi ma ya san haka, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye cewa ya sani ba.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata Laraba yana cikin alwala. Wata biyu a asibiti, wata shida a tabarma. Baki ya miƙe, ƙafa ta dawo tana ɗan ja, amma hannun hagu ya ƙi ji. Sai ya riƙa cusa shi cikin riga don kada a gani. Shi ciwon bai dame shi kamar yadda "sannu" ta dame shi ba. Duk wanda ya ce masa sannu, ji yake kamar an mare shi. Wada, amininsa tun suna kiwon awaki, ya taɓa kai hannu zai ɗaga shi bayan sallar La'asar. Sodangi ya ture shi a gaban jama'a, ya ce, "Ban mutu ba tukuna." Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Shekara biyu ba wanda ya kira shi aiki, kuma gaskiya ba laifin kowa ba ne.

A daminar bana rufewar yayarsa Maimunat ta zube. Mijinta ya rasu, gona guda ta rage mata a bakin gari, don gonakin nesa yanzu ba kowa ke zuwa ba. Da kaka ta yi, geronta ya dawo gida dami-dami aka jibge a tsakar gida, gara ta fara shiga ta ƙasa. Ta aika Turba a kira mata wani magini. Labari ya kai kunnen Sodangi, sai ga shi da sassafe yana jan ƙafa.

"Yaya, na ji an ce kin aika Turba."

"Na aika. Mi kake so in yi? Gara ta hwara cin hatsina, kai kau kana zamne kana hwaɗa da masu gaishe ka."

"Ni za ni gina ta."

"Da wane hannu?"

"Da wanga da yar rage."

Maimunat ta dube shi, ta dubi dammunan. Abincin shekararta ke nan gaba ɗaya. In ginin ya zube da hatsi a ciki, ta shiga uku. In kuma ta ce a'a, ta san ƙanenta ba zai sake fita ƙofar gida ba. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ce, "To. In ta hwaɗi, gidanka za ni koma da ci."

Ya jera duwatsu, ya shimfiɗa itace, ya kwaɓa ƙasa da ciyawa da ƙafa, mai lafiyar da mai jan duka. Rufewa daga ciki ake gina ta, zagaye ɗaya ko biyu a rana, a bari ya sha iska. A da hannu ɗaya ciki, ɗaya waje, yana murzawa yana tafiya. Yanzu sai ya ɗora curin ƙasa, ya cafke bangon tsakanin babban yatsa da sauran, ya matsa, ya shafe, ya gusa taki ɗaya. Aikin kwana tara ya ci kwana ashirin da uku. Maimunat ce ke miƙa masa ƙasa, kuma wannan ya yarda da shi, don ko yana da hannu biyu miƙa masa ake yi. Da bango ya wuce kansa, ya kafa gwafa biyu a waje, ya gitta doguwar sanda a samansu, ya rataya igiya. Ita tana ja daga waje, bokitin ƙasa na sauka masa a ciki. Shi kuma yana shiga yana fita da tsani.

Ranar rufe baki tana da tsarinta, yadda ubansu ya koya masa. Bakin rufewa faɗin kafaɗar mutum ne kawai, tsani ba ya fita ta nan, don haka sai an zare shi kafin a tsuke wuya. Magini ya tsaya a kan kifaffen turmi ya gama aikinsa, sannan ya kama igiya ya hau da ƙarfin damtse, ba tare da ya taɓa ɗanyen bakin ba. Sodangi ya yi haka sau ɗari da wani abu. Safiyar ranar ya ce, "Yaya, ja tsani," ta ja. Ita ba ta yi tunani ba, shi ma bai yi ba. Ginin ya yi kyau, zuciyarsa fari tas, har yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa.

Wajen hantsi ya shafe zagaye na ƙarshe. Ya goge hannu a riga, ya ɗaga kai, ya miƙa hannuwa zai kama igiya. Hannu ɗaya ne ya tashi.

Ya gwada duk da haka, don Sodangi ne. Ya kama da dama, ya ɗaga jiki, ya zame, turmin ya kife da shi. Ya zauna a ƙasan rufewar yana kallon ɗan zagayen sama. Kunya ta rufe shi, sai kuma haushi, sai wata dariya mara daɗi.

Maimunat ta buga bangon daga waje. "Sodangi! Lahiya? Hito mana."

"Ba ni iyawa."

Sai a lokacin ta gane. "Innalillahi. Bari in ɗauko gatari in huda gehe."

"Wallahi Yaya in kin taɓa ginin ga, ba ni ba ke."

"To mi za a yi? Ka zamna ciki kwana ukku har shi bushe? Ko in zuba hatsin bisa kanka?"

Rana ta hau, cikin rufewar ya ɗauki zafi kamar tukunya. Hanya ɗaya ce, kuma ya san ta tun faɗuwarsa: a ɗaure shi a jawo shi kamar guga daga rijiya, gari na kallo. Ya daɗe yana juya abin. Ya shafa bangon da tafinsa, sumul, ba rami ba tudu. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, kuma saran gatari ɗaya ya isa ya ɓata shi.

"Yaya."

"Ina ji."

"Ki kira Wada. Ki ce shi zo da mutum ukku masu ƙarhi." Ya dubi hannunsa na hagu. "Ki kau ɗaura mini ɗankwalinki ga igiya. Hannun ga reto yake, zai gogi baki."

Kafin Wada ya iso, rabin unguwa ta riga shi. Sodangi ya ɗaure igiya a ƙirjinsa da hannu da haƙori, ya naɗe mataccen hannun a jikinsa da ɗankwalin. Daga ciki yake ba da umarni, muryarsa na fita kamar daga cikin randa: "Sannu-sannu. Tsaya. Wada, ku ja dama kaɗan. Yawwa." Hula ta fara leƙowa, sai kai, sai kafaɗu a tsuke, sai hannun nan da ya ɓoye shekara biyu, siriri, a ɗaure da ɗankwali ruwan ganye, kowa na gani. Wada ya hau tsanin waje ya jawo ƙafafun Sodangi gefe, aka sauke shi a hankali.

Sodangi bai dubi kowa ba. Ya ja baya ya ɗaga kai ya duba bakin rufewar. Ko gogewa babu. Maimunat ta juya baya tana share ido da gefen zane, tana yi wa yara faɗa wai sun tattake mata gero.

Wada ya buɗe baki zai ce sannu, ya tuna, ya haɗiye. Ya tsaya yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Can ya ce, "Tawa ma ta tsage, tun bara. Ban dai gaya maka ba."

Sodangi ya tsaya nan, hannunsa a waje, bai mayar da shi cikin riga ba.

"Ka tanadi ƙasa da ciyawa," in ji shi. "Ranar ruhe baki kuma ka tanadi igiya da mutum huɗu. Yanzu ba ni hita ni kaɗai."