Wuƙa a Bakin Tabarma

"Wannan ma ya yi nauyi," in ji Baba Alidu. Ya jinjina wuƙar a tafin hannunsa, ya ajiye ta a kan tabarma, ya tura ta da yatsa wajen Zubairu. "Mai da wa mai sayarwa. Na ce maka ƙarami, mara nauyi. Kai kuma kana kawo min na fawa."

Wuƙa ta uku ke nan cikin kwana goma. Zubairu tela ya ɗauke ta ya ninke, bai yi gardama ba, don shi ma ya san ta yi nauyi. Da gangan ya zaɓo ta. Ta farko ta fi tsawon tafin hannu, ta biyu kuwa sai mutum ya sa haƙori kafin ta buɗe. Duk yana sane, kuma tsohon ya san yana sane, amma kowannensu ya yi kamar laifin na kasuwa ne.

Shekara talatin da ɗoriya, duk namijin da ya rasu a wannan lungu na unguwar Nima, daga bakin babbar kwata har zuwa masallacin bayan kasuwa, Baba Alidu ne yake yi masa wanka ya sa shi a likkafani. Ɗakin Zubairu yana jikin nasa, bango ɗaya ya raba su, saboda haka shi ne mai riƙe buta. A ce zuba ya zuba, a ce tsaya ya tsaya, idanunsa na kan bango. Shekara goma sha biyar yana wannan riƙon buta, ko ɗan yatsan mamaci bai taɓa taɓawa ba, kuma babu wani a lungun da ya koyi ko da wannan ɗin. Tun bayan azumi ƙafafun Baba suka kumbura, tsohuwar wuƙarsa ma ta karye a gindi. Ranar da ya aiki Zubairu sayen sabuwa bai yi masa wani ɓoye-ɓoye ba.

"Ba nawa ba ne. Ni na gama. Ka zaɓi wanda zai zauna a aljihun ka kullum, don mutuwa ba ya aiko da goron gayyata."

"Baba, ni tela ne. In yadi ne, ina da almakashi."

"Almakashi na masu rai ne. Likkafani, ka ɗan tsaga bakin shi da wuƙa, ka yage da hannu. Haka malam na ya koya min a Salaga."

Liman da kansa ya taɓa cewa bai ga wannan a littafi ba. An ji, an gyaɗa kai, amma har yau ba a sami wanda ya yarda a fara sa almakashi a kan likkafanin ubansa ba.

Ba tsoro kaɗai ne ya hana Zubairu ba, ko da yake tsoron yana nan. Ya gaji. Ya haura hamsin, bayansa na ciwo, a ɗauke wuta ya koma taka keken ɗinki da ƙafa, ga masu kaya a tsaye a kansa. Sannan ya ga yadda ake yi wa Baba. Kowa na girmama shi, kowa na durƙusa masa, amma a wajen suna ko walima sai a zuba masa nasa abincin a kwano daban, a ce wai don girma ne. Matar Zubairu, Zelia, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ita ce ta fito masa da maganar a fili.

"In ka karɓa, wane ango zai kawo maka yadin auren shi? Hannun da ya yage likkafani da safe, shi zai auna kafaɗan mutum da yamma? Haba maigida, ka yi tunani. Me za mu ci?"

Sai ya shiga laluben allinsa. Wani shuɗin alli ne da yake zana yadi da shi, ya ɓace tun lokacin da Baba yake iya takowa ya zauna a bencin shago. Ya zargi Zelia, ya zargi masu zuwa hira, har ɓeraye sun sha zagi. Duk ranar da magana ta yi masa zafi sai ya tuna da allin nan ya hau nemansa.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, ya koma wajen Awudu, wani mutumin Tawa mai tebur ɗin kwaɗo da tocila da abin yanke farce. Rana ta take, motocin haya na trotro sun cushe titi suna ta ham, 'yan kaya na ture mutane da kwanoni a ka. Awudu na hango shi ya kama haɓa.

"Malam, ka dawo kuma? Don Allah gaya mini gaskiya, wane aiki za a yi da wuƙar nan? Kowace wuƙa da aikinta. In ta goro ce daban, in ta igiya ce daban."

"Yadi," in ji Zubairu. "Farin yadi. A ɗan tsaga baki kawai."

Awudu ya dube shi, ya daina murmushi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fito da wata 'yar wuƙa da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai baƙar ƙota. Ya sa farcen babban yatsa ya buɗe ta, ta yi ƙas ta tsaya.

"Ka gani? Hannu ɗaya ya isa. In ta buɗe ba ta rufewa a kan yatsanka sai ka danna nan. Bakinta siriri ne, ba ya jan zare. Ba ta huda aljihu, ba ta jan riga ƙasa. Ka sa ta da safe, ka manta da ita."

Zubairu ya so ya ce a ba shi waccan babbar mai ƙotar ƙarfe. Ya buɗe baki, sai ya ji ba shi da ƙarfin sake wata tafiyar cikin ranar nan, ba shi kuma da ƙarfin sake kallon idon tsohon yana ƙarya. Ya karɓi 'yar ƙaramar don gajiya kawai, ba don ya yanke wata shawara ba.

Baba Alidu ya buɗe ta da kansa, da wannan hannun da ko cokali ba ya riƙewa sosai. Ya ja gefen zanen da ya rufa da shi, ya taɓa bakin wuƙar a jiki, zaren ya rabu ba ƙara. Ya daɗe yana kallonta.

"Yo. Wannan ne."

Ya ninke ta ya ajiye a bakin tabarma, daidai gwiwar Zubairu. A gidan nan ba a miƙa wa mutum wuƙa hannu da hannu, an ce tana yanke zumunci. A ƙasa ake ajiyewa, mai so ya ɗauka. Sau uku Zubairu yana ɗaukar wuƙa daga wannan tabarmar ba tare da wani tunani ba, don mayarwa zai yi. Wannan karon ya haɗa hannayensa a kan cinya.

"Abu biyu nake roƙo," in ji Baba, numfashinsa na fita da ƙyar. "Kar a sa ni a firijin asibiti. Kuma kar baƙo ya ga tsiraici na. Ni na ga jikin mutanen lungun nan, masu kuɗi da malamai, na ga abin da matan su ma ba su sani ba. Ka taɓa ji a baki na?"

"Ban taɓa ji ba."

"To ni ma ina so wanda zai gani ya yi shiru."

"Allah zai ba ka lafiya, Baba," in ji Zubairu, ya miƙe. Shi kansa ya ji kunyar amsar, don amsar mai gudu ce, kuma tsohon bai ce amin ba.

Kwana shida wuƙar tana nan inda aka ajiye ta. Zelia in ta shiga shara sai ta zagaye ta da tsintsiya. Zubairu yana shiga safe da yamma, ya tayar da Baba zaune, ya ba shi magani, ya zubar da fo, ya yi masa hirar wuta da tsadar zare, amma idonsa ba ya sauka a wannan gefen tabarma. Baba bai sake tayar da maganar ba, kuma shirun ya fi maganar damun Zubairu.

Ranar Talata da hantsi Zelia ta kai wa Baba koko. Zubairu yana kan keke ya ji ƙarar kofi a ƙasa, sannan ya ji salatinta. Ya cire ƙafa daga kan keken, ya zauna yana kallon allura, ya kasa tashi har sai da ta zo ta tsaya a ƙofar shago.

"Baba ya tafi," ta ce.

Kafin azahar an jera benci a lungu, maza sun cika. Sai a lokacin aka fara kallon-kallo. Kowa ya zo jana'iza kamar yadda ya saba, an manta cewa wanda yake shirya mamaci shi ne a kwance a ciki. Liman ya buga wa wani mai wanka a unguwar Madina waya, aka ce ya tafi Kumasi. Ya buga wa wani a unguwar Zongo Lane, wannan ya ce yana kan wata gawar, sai dai gobe da safe.

"To a kai shi asibiti ya kwana a firiji," in ji wani daga baya. "Gobe mutumin ya zo. Ba yadda za mu yi."

Aka yi ta gyaɗa kai, kowa ya ji sauƙi. Zubairu na zaune a ƙarshen benci, kansa a ƙasa. Liman ya juyo wajensa.

"Zubairu, kai ka san ɗakin. Baba ya taɓa ce min ya sayi likkafanin shi. Duba mana, a ajiye wa mai zuwa."

Ya shiga ya saki labule. An rufe Baba da zanensa, ya ƙanƙance kamar ba shi ne yake ɗaga ƙattin maza shi kaɗai ya juya su ba. Zubairu ya jawo akwatin ƙarfe daga bayan ƙofa ya buɗe. Farin yadin na sama, a ninke, yana ƙamshin kafur. Ya ɗago shi don ya ga ko zai isa, irin na tela, sai wani abu ya faɗo ya gangara kan siminti.

Shuɗin allinsa ne, ya ƙare saura ɗan guntu.

Ya warware yadin. A gefensa, daga farko har ƙarshe, an yi 'yan zane-zane da shuɗi, kowanne a karkace, na hannun da ke rawa. Kusa da kowane zane an rubuta da ajami: zane, riga, rawani, mayafi, mayafi, sai 'yan ƙananan na ɗauri guda uku a ƙarshe. Mai wankan Madina ba ya bukatar wannan, na Zongo Lane ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya aka yi wa wannan rubutun, mutumin da ya shekara goma sha biyar a ɗakin wanka yana kallon bango.

"Ɓarawo," in ji Zubairu a hankali. "Ashe kai ne." Dariya ta zo masa ta juye kuka, ya toshe baki da gefen rigarsa don kada na waje su ji. Ya ji tausayin tsohon, ya ji haushinsa, ya kuma ji kunyar kwana shidan nan da ba za su dawo ba.

Ya durƙusa a bakin tabarma ya ɗauki wuƙar. Ya buɗe ta da farce, ya ɗora bakinta a kan zanen farko, ya tsaga, ya kama da hannu biyu ya ja. Ƙarar yagewar yadin ta fita har lungu, hirar da ake yi a kan benci ta tsaya.

Labule ya motsa. Zelia ce, ba ta shigo ba. Ta dubi yadin, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Na ɗora ruwa," ta ce. "Wa zai riƙe maka buta?"

Liman ne ya riƙe. An yi wa Baba Alidu salla bayan la'asar, aka kai shi a ranar.

Da suka dawo, ƙafafunsu duk jar ƙasa, Zubairu ya tarar da wani saurayi yana jiransa a ƙofar shago. Shaddar aurensa ya kawo makon jiya, ba a riga an yanka ba. Ya yi ta'aziyya, ya yi ta sosa ƙeya, ya ce wai kawunsa ne ya ce a kai wa telansu na gida. Zubairu ya ɗauko shaddar ya sa masa a leda, ya yi masa fatan alheri.

Ya zauna a gaban keken. An ɗauke wuta, Zelia na wanke tukunya a tsakar gida. Ya ajiye guntun allin a inda yake zama da, kusa da almakashi. Can ya ji aljihunsa kamar babu komai a ciki, ya sa hannu ya taɓa. Wuƙar tana nan.