Kamfan Delbert a Gonar Masara

Shekara talatin Delbert Vavra da yayan matarsa Merle Tjaden suna musu a kan ƙasa. Gonar Delbert tana kwari, gefen rafi, baƙar laka ce wadda sai ka haƙa tsawon mutum ba ka ga ƙarshen baƙinta ba. In an yi ruwa ta kama takalmi kamar ƙaro, in rani ya yi ta tsage har sifana ta faɗa ciki. Ta Merle kuwa tana tudu, jigawa ce, ruwa na sauka yake zurarewa.

Kullum da safe suna haɗuwa a shagon kofi na bakin rumbunan hatsi.

"Sarkin yashi, an shigo? Jiya na ga rabin gonarka ta wuce ta ƙofar gidana, iska na kai ta jihar Kansas."

"To ɗan laka, ai gara tawa tana yawo. Taka ta ci tarakta biyu bara, har yanzu ba ta ƙoshi ba."

Ranar nan malamar gona ta gunduma, wata yarinya mai suna Jolene, ta gaji da su. Ta ce ƙasa mai rai ba a gane ta da baki. Kowa ya samo sabon kamfai na auduga zalla, ya binne a gonarsa wata biyu. Ƙananan halittun cikin ƙasa, irin su tana, za su cinye audugar, wanda nasa ya fi ruɓewa shi ke da ƙasa.

Delbert ya koma gida ya ce wa matarsa Arlene ta ba shi sabon kamfai zai binne a gona. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka binne? Sabo fil? Delbert, lafiyarka kuwa?"

"Ke dai miƙo, mutuncin gidan nan ne."

Ta shiga ɗaka ta daɗe, ta fito masa da wani fari tas. Ya kai tsakiyar masara ya binne, ya kafa sanda.

Da wata biyu suka cika ya ɗauki shebur yana fito. Ya haƙa, ya jawo. Kamfai ya fito lafiya lau, ko zare ɗaya bai tsinke ba, in aka wanke sai a sa a tafi coci. Delbert ya zauna a kan kunya, ya damƙi ƙasar ya shinshina. Wannan ce fa kakansa ya fara huɗa da dawakai. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Ga shi an riga an yi alkawarin rataye nasa da na Merle a bikin baje kolin amfanin gona. Na Merle robar ƙugu kawai ta rage, da ɗan ɗinki yana reto. Na Delbert kuwa iska ta cika shi, yana kaɗawa kamar tuta. Mutane suka bar kallon kabewa da shanu suka dawo nan.

"Mijin ƙanwata," in ji Merle yana share hawayen dariya, "ashe a maƙabarta kake noma? Ko tanarka ce ta ga abin ta yi ƙyama?"

Jolene ba ta yi dariya ba. Ta sauko da shi da ɗan kara, ta ja, ta murza, ta duba rubutun ciki.

"Baba Vavra, wannan ai nailan ne. Shekara ɗari zai yi a ƙasa bai san an yi ba."

Delbert ya juya a hankali. Arlene na can bayan teburin tumatir, ta duƙufa tana jera abin da yake a jere.

"Arlene!"

"To me? Na auduga masu kyau zan ba tana? Wannan shekara huɗu ka ƙi sa shi, ka ce yana maka ƙaiƙayi. Na ce bari ya yi amfani."

"Yaya Merle ya gama da ni a gaban gunduma!"

"Da ka gaya mini dalili, da ban yi ba. Ka ce mutunci, ni kuwa ban ga mutunci a binne wando ba."

Sake gwaji bai yiwu ba, sanyi ya kawo jiki, ƙasa ta daskare. Haka Delbert ya sha kofinsa wata shida Merle na tambayarsa lafiyar mamaci.

Ƙanƙara na narkewa ya kwashe duk kamfan cikin durowa, guda tara, ya duba rubutun kowanne da tabarau. Takwas ya rarraba a gona, na tara ya tura a lambun Arlene don kar ya dawo da shi. Bayan wata biyu na gonar suka ruɓe sosai, daidai da sabon da Merle ya binne, babu wanda ya kayar da wani. Na lambun kuwa, inda Arlene ta yi shekaru tana zuba kashin kaji da ɓawon dankali, sai da suka tankaɗe ƙasa kafin su ga robar.

Jolene ta ba Arlene jan ƙyalle, kyautar wanda ya zo na ɗaya. Surukan biyu suka zauna a benci ɗaya suna kallo.

"Kaji nawa gare ta?" Merle ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Goma sha biyu. Kar ka soma, ni ma bokiti ɗaya na kashinsu na roƙa ta hana."