Ɓarɓashin Ƙarfe a Idon Mai Walda

Mai walda irin mutanen nan ne da ko yatsa ya ƙone sai ya cusa shi a aljihu ya ci gaba da hira. Shi ya sa matarsa ba ta yi mamaki ba da ya shirga ƙarya a gaban ma'aikaciyar asibiti, ko ƙifta ido bai yi ba. Tsoro dai ya kama ta.

Abin da ya kai su can gwajin jini ne, wanda ya yi ta nuna matsala a furostet, 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Bara an soka masa allurai an tsakuro nama nan da can a kan dace, ya sha wuya har da zazzaɓi, ba a ga komai ba. Jinin kuwa bai daina nunawa ba. Sabon likita ya ce wannan karon babu lalube. Za a fara ɗaukar hoto da babbar na'urar maganaɗisu a ga inda abin ya laɓe, sannan a ɗora hoton a allo, allura ta nufe shi kai tsaye. Mai walda ya ce in haka ne ya yarda, amma irin na bara ko a mafarki.

A ƙofar ɗakin na'urar, bayan ya cire agogo da bel, ma'aikaciyar ta tambaye shi ko ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido. Ta ce maganaɗisun kan fizgi ɓarɓashi ya yaga ido, in akwai ba za a yi hoton yau ba. Ya ce bai taɓa ba. Mutumin da matarsa da hannunta ta yi ta ɗiga wa magani, lokacin da tartsatsin injin yankan ƙarfe ya rufe masa ido ɗaya!

Ta san dalilinsa sarai. In ta yi magana, ta ƙaryata shi gaban yarinyar da ba ta kai 'yarsu ba, ƙila kuma ya rasa hoton. In ta yi shiru, idonsa ne.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ka manta na hagu."

Kallon da ya yi mata bai da daɗi. Aka ɗage hoton. A gida ya koma amsa mata da kai, abinci ma sai ta bar ɗakin yake jawowa. Ita kuma ta sha kuka a kicin, tana tunanin in ciwon ya yi nisa a wannan jiran, bakinta ne ya ja.

Da aka yi wa idon hoto irin na ƙashi, sai ga ɓarɓashin ƙarfen, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar yashi, yana kwance a gefe. Likitan ido ya cire shi. Da wurin ya warke aka shigar da mai walda na'urar maganaɗisun, ta nuna tabo guda a gefen tsokar. Ranar allura ba a yi ta suka ba, 'yan kaɗan aka yi, duk a kan tabon. Ya fito yana takawa a hankali, ya ce wa bango, ba ita ba, waɗannan sun san inda suke saiti.

Sakamako ya fito: ciwon daji ne, amma ƙarami, bai fita daga inda yake ba, kuma yana jin magani. Matarsa ta dafa teburin likita, ta yi hamdala.

Kafin a tsara magani, likita ya tambaye shi yaya fitsari, kuma ko akwai wani ciwo da yake fama da shi. Mai walda ya buɗe baki, har ya fara "Lafiya lau," sai ya tsaya. Ya jawo kujerarta kusa da tasa.

"Likita, tambaye ta," ya ce. "Ni in ka bar ni, cewa zan yi ba komai."