Garejin Inna

Ni na buga dokar da hannuna. Shekara ashirin da biyu ina aikin buga takardu a ofishin tsara birni, kuma ba na karanta abin da nake bugawa, don likita ya ce in kula da hawan jinina. Sai da aka sayar da gidan hayar da Inna ta tsufa a ciki, za a kafa bene mai gilashi a wurin, aka ba ta wata guda ta kwashe kayanta, sannan na nemo dokar na karanta.

Shafi na tara ya ce a unguwarmu, can ƙarshen gari inda direban bas yake juyowa ya tambaye ka ko ɓata ka yi, ba a ƙara ɗakin kwana a kan wanda ke cikin zanen gida. Wai gudun cunkoso. Amma kowane gida yana da damar gina gareji.

Gidana ɗaki biyu ne. Ɗaya ni da uwargida, ɗaya 'yan matanmu huɗu, jere kamar ashana a kwali. Hayar ɗaki a cikin gari kuwa, sai dai in ji labarinta a bakin masu ita.

Na sami oganmu, na rusuna.

"Ranka ya daɗe, uwata ce fa."

"Kowa da uwarsa," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "In muka bar kowa ya gina wa uwarsa ɗaki, ina tsarin yake?"

"Amma mota an yarda a gina mata."

"Mota ba ta tara jikoki."

Na yi godiya na fito. Ban san me na gode wa ba, sabo ne.

Sai na nemi izinin gareji, aka ba ni cikin kwana uku. Na sa magini ya fitar da taga babba, ya shimfiɗa tayil, ya rataya fanka. Ya tsaya da cokalin gini a hannu yana kallona.

"Maigida, motar taka zafi take ji?"

"Tsohuwa ce," na ce. "Lallaɓa ta ake yi."

Inna ta tare ranar Litinin, da gadonta na ƙarfe da akwatuna biyu. Ranar Talata mai duba gini ya iso, wani siriri mai biro uku a aljihu. Na ce da uwargida ta ja Inna da hira a bayan gida. Ya ɗaga ƙofar garejin, ya dubi gado, ya dube ni.

"Ina motar?"

"Tana tafe."

"Garejin da ba mota ɗaki ne. Shafi na goma." Ya ciro jan biron ya nuna mini, ya mayar. Da shi ake yi wa bango alamar rusau. "Zan dawo Alhamis."

Shafi na goma ma ni na buga. Har na tuna ranar, an yaba mini cewa ba kuskure ko ɗaya.

Maƙwabcina makanike yana da wata gawar mota a bayan shagonsa, ba inji, ba fitila, kaji sun mai da ita gidan gado. Ya ce in ɗauka har abada, in dai ba zan dawo masa da ita ba. Mu huɗu muka turo ta, uwargida tana riƙe da sitiyari tana faɗa mana ba mu da ƙarfi. Da muka zo ƙofa sai lissafi ya ƙi: ko gado ko mota. Aka fitar da gadon Inna tsakar gida. Motar ta shige ta cika ɗakin dam, fanka tana yi mata fifita.

Ranar Alhamis mai duba gini ya zo da wuri, kafin a ɓoye kowa. Ya tarar da Inna zaune a kan kujera a bakin garejin, akwatunanta a gefe. Inna kuwa ba ta iya ƙarya ba, ko don ceton rai.

"Mama, ke fa? A nan kike kwana?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ka ga wurin kwanan mutum a nan? Motar ɗana nake kallo. Shekara hamsin ina jiran ya yi mota, ga ta Allah ya kawo, har da kaji."

Ya leƙa, wata kaza ta leƙo shi ta tagar baya. Ya ciro shuɗin biro ya sa hannu. Ya ce gini ya cika ƙa'ida, amma zai riƙa biyowa ba sanarwa, motar kuma kada ta motsa. Na ce kada ya damu, wannan alkawari ita da kanta za ta cika shi.

Da ya tafi na ce, "Inna, sai mu matsa motar gefe kaɗan, a shimfiɗa miki katifa."

"A shimfiɗa wa wa? Ni ban haifi mota ba, ba zan kwana da ita ba." Ta juya wajen uwargida. "Ke 'yar nan, kama mini akwatin nan mu shiga ciki. Mai mota ya ji da motarsa."

Uwargida ta kama da saurin da ban taɓa ganin ta yi wa wani aikina ba.

Wata na biyar ke nan. Inna tana ɗakina, a kan gadonta, ta yi ƙiba. Ni kuwa kujerar baya ta ɗan gaza mini tsawo, amma in na fitar da ƙafafuna ta taga fanka tana samunsu. Kajin ne ke tashina da safe, ban ƙara makara ofis ba, har oga ya yaba. Na bi dokar shafi-shafi, wannan karon da tabarau, babu inda ta hana mutum kishingiɗa a cikin motarsa.