Yarinyar Bayan Tayoyi

Malama ta rubuta littafin ne don ta san babu mai karanta shi a gidansu. Yayarta ko takardar magani sai an karanta mata, tsabar ganda. Mijin yayar kuwa, Makanike, da bakinsa yake cewa rabonsa da littafi tun firamare, amma fim ko tallan sabulu ne sai ya ga ƙarshensa. Sai Malama ta sa sunan aro a bangon littafi, ta sauke abin da ya shekara ashirin da biyu yana cin ta, ta koma koyar da lissafinta kamar ba ita ba.

Abin da ta sauke ɗin ga shi. Tana 'yar shekara sha uku yayarta ta aike ta gareji da kular abincin rana. Ta laɓe bayan tulin tsofaffin tayoyi don ta tsorata mijin yayarta, irin wasan da suka saba. Abokin aikinsa, wani da ake kira Dogo, yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. A gaban idonta Makanike ya saki motar a kansa. Mutane suka ce jak ɗin da ya ɗaga motar tsoho ne, ƙaddara ce. Ita kuwa ta haɗiye maganar, don yayarta na da tsohon ciki a lokacin, kuma wa zai saurari yarinya? Har yau ba ta san abin da ya haɗa su ba. Abin da ta sani shi ne bai san ta gani ba, kuma rashin sanin nan ne ya bar ta da rai.

Ana wata ga wata. Wani kamfanin fim ya tambayi masu karatu a intanet wane littafi suke so a mayar fim, suka yi caa a kan nata. Kamfanin da ya buga littafin ya sa hannu tun kafin ta gama cewa a'a, don ashe a takardar da ta sa wa hannu tun farko ta ba su wannan damar. Malamar lissafi guda, ba ta karanta ƙananan rubutu ba! Abin da ta samu kawai shi ne alkawarin Daraktan fim ɗin cewa ba zai faɗa wa kowa ko ita wace ce ba.

Ta manta da mutum ɗaya a lissafinta. Auta, 'yar yayarta, mai shekara sha takwas, ta taso da cin littafi kamar gara. Ran nan da safe ta kira ta, muryarta har rawa take don murna.

"Anti, albishirinki! Kin san littafin nan da nake damun ki da shi? A garejin Baba za a ɗauki fim ɗin. Ni na tura musu hotuna. Wallahi kamar shi aka kalla aka rubuta, har tankin ruwan da ke baya. Yau za su fara, kuma Baba ne zai nuna musu yadda ake aiki da jak."

Malama ta zauna a bakin gado. Ta kira Darakta sau bakwai bai ɗauka ba. Ta ja motarta ta tafi, tana ta shirya abin da za ta ce masa: a canza wuri, a cire wannan fitowar, a fasa fim ɗin ma gaba ɗaya.

Ta ajiye motar a gefen titi, kusa da shagon mai faci. Garejin ya cika da wayoyi da fitilu da mutane masu ihu a kan juna. An ɗaga wata tsohuwar mota da jak, an kwantar da mutum-mutumi a ƙarƙashinta sanye da kayan aiki. Makanike na tsaye da sabuwar riga, furfura ta cika masa gemu, sai washe baki yake.

"A'a, ƙanwata! Ke ma kin zo kallon 'yan fim? Yau dai yayanki ya zama babban mutum."

"Sannu da aiki, Yaya," ta ce.

Kafin ta isa wurin Darakta an ce a yi shiru. Jarumin da ke fitowa a mugu ya tako, ya sa ƙafa ya shuri jak ɗin. Motar ko motsi ba ta yi ba. Makanike ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Haba ɗan samari, ai ko jaki ne ya harbi jak ɗin nan ba zai faɗi ba. Wanda ya rubuta muku wannan bai taɓa riƙe sifana ba."

"Ai ba haka yake a littafin ba!"

Auta ce. Ta fito daga cikin 'yan kallo da littafin a hannu, duk ya sha lanƙwasa. Irin makarantan nan ce da ba sa yafe wa ɗan fim ko waƙafi ɗaya. Ta ce su ne suka zaɓi littafin, don haka ba za a lalata musu shi a gaban idonsu ba. Darakta ya yi murmushi ya ce to ta karanto.

Auta ta karanta da ƙarfi, tiryan-tiryan. A littafin, mutumin ya fara da ƙara sautin rediyo. Ya sa ƙafar hagu ya janye guntun katakon da aka tokare motar da shi, a hankali, ya tura shi ƙarƙashin benci. Ya durƙusa ya murɗa hannun jak rabin zagaye. Da motar ta sauka bai yi ihu ba tukuna. Ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har goma, ya rage rediyon, sannan ya ɗora hannu a ka ya fita titi yana kiran jama'a.

"Yawwa, Baba, haka zai yiwu?" in ji Auta.

Dariyar ta riga ta bar fuskar Makanike. Ya daɗe yana kallon bencin.

"Zai yiwu," ya ce. "To shi marubucin, wa ya ba shi labari?"

"Ai a littafin wata yarinya ce ta gani. Tana laɓe a bayan tayoyi da kular abinci," in ji Auta.

Darakta, da aiki ya sha masa kai har ya manta da alkawari, ya waiga ya hango Malama. "Kai, ga mai littafin ma da kanta! Malama, zo ki nuna mana daidai inda yarinyar ta tsaya."

Auta ta saki ƙara ta ruƙunƙume ta, tana "Anti! Ke ce? Ke ce?" Mutane suka hau tafi. Ta saman kafaɗar yarinyar Malama ta ga Makanike yana kallon ta. Babu fushi a fuskar, da ma fushin ne da sauƙi. Kallo ne irin wanda yake yi wa inji idan ya gano inda ƙarar take fitowa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Awa biyu aka riƙe ta. A ɗauki hoto da ita, ta sa hannu a littafi, ta nuna wurin tayoyi. Ta ji Makanike yana ce wa Auta ta jira shi a ofis, shi zai kai ta gida. Daga nan ba ta ƙara ganin sa ba, kuma rashin ganin nasa ya fi ganin tayar mata da hankali.

Da la'asar ta samu ta zame. Tana isa titi ta gan shi yana miƙewa daga gefen motarta, bayan sabuwar rigar duk ƙasa.

"Na ji wata 'yar ƙara a ƙafar gaba lokacin da kika tsaya," ya ce da murya mai taushi. "Na duba miki. Shiga ki tafi, ƙanwata, kada yamma ta yi miki. Gangaren gadar nan cunkoso yake yi."

Ya buɗe mata ƙofa da kansa. Mai faci na kallo, 'yan fim na naɗe wayoyi a bakin gareji. Me za ta ce musu? Mijin yayarta ya duba mata mota? Ta zauna, ta taka birki a ɓoye. Ya ɗan yi laushi, ko kuwa ƙafarta ce ta mutu, ta kasa bambancewa.

Sai ɗaya ƙofar ta buɗe. Auta ta faɗo kujerar gaba tana haki, ta ja bel ta ɗaura.

"Wallahi ƙafata ƙafarki, Anti. Tambayoyi ɗari gare ni. Baba, na bi Anti!"

"Fito!"

Tsawar ta sa mai faci sakin ƙarfen hannunsa. Makanike ya zagayo da gudu, ya fizgi ƙofar, yana ta kokawa da bel ɗin, hannuwansa sun kasa ɓalle shi.

"Fito daga motar nan! Na ce ki fito!"

Darakta da mutanensa sun taso sun tsaya a bakin kwalta. Auta ta dubi ubanta, ta dubi Malama da ke zaune hawaye na zuba, makulli a cinyarta. Sannan Auta ta sauke ido kan littafin da ke hannunta. Da ta yi magana, a hankali ta yi ta, amma kowa ya ji.

"Baba, me ka yi wa motar?"